Shekarar da Na Kai Teku Kano

Na ji abin da ake faɗa, kuma na san ku ma kun ji. A wani gidan suna a unguwar Village wata ta faɗa a bayana, da irin muryar nan da ake yi don mutum ya ji, wai littafin farko da ya fita da sunana babanku ne ya tsara shi, ni hannu kawai na ara masa. Wai ina mai suyar makala, fanken nan namu na Kamaru, wadda ba ta riƙe alƙalami ba sai da ta yi jikoki, za ta san yadda ake ƙulla labari? Ban juya ba, don ranar farin cikin mutane ce, kuma akwai shinkafa a bakina. Amma ku 'ya'yana ne, kuma na lura ko ɗayanku bai taɓa tambayata ba. Wannan shirun naku ya nuna mini ku ma kuna da shakka, nauyina kawai kuke ji. To ku zauna. Zan gaya muku abin da Malam, babanku, ya yi da abin da bai yi ba, don kada ku ɗora masa abin da ba nasa ba, kada kuma ku rage masa nasa, wanda ya fi abin da mutane ke ba shi girma.

Ni a New Bell, unguwarmu ta nan Duwala, aka yanke mini cibiya. Kakana ne ya gangaro da fatauci ya zauna, ni kuwa Arewa a bakin mutane kawai na san ta. Malam shi ne ɗan Kano na gaske. Ya sauka daga jirgin ƙasa yana saurayi, da kan keken ɗinki naɗe a cikin bargo, ya kama aikin wuyan riga a bakin kasuwa har furfura ta same shi a wurin. Abu ɗaya ne bai bari ba na garinsu, wato karatun ƙananan littattafan Hausa. 'Yan kasuwa masu kawo shadda ne ke cuso masa su a tsakiyar dila. Danshin Duwala ba ya ƙaunar takarda, sai shafuka su manne, funfuna ta yi musu zane, don haka a cikin akwatin ƙarfe yake ajiyarsu, a kan kabad, inda ruwa ba ya kaiwa. Kullum bayan la'asar zai sauko da ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa yana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina kwaɓa ƙullin makalar yamma ina sa baki. Ina zagin mugaye, ina gaya wa yarinyar labarin kada ta yarda da wancan mai daɗin bakin. Yakan ce, Azumi, ba ta jin ki. In ce ai shi ya sa take shan wahala. Duk labaran nan a Kano suke faruwa, ko Zariya, ko Katsina. Har na ɗauka haka Allah ya tsara, labari a can ake yin sa. Mu nan abin da muka samu shi ne zama, da haya, da ruwan sama.

Ciwon suga ne ya fara taɓa masa ido. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, ya ce allurar zamani ce ba ta da kirki. Sannan na ga littafi yana matsowa kusa da hancinsa. Ranar da ya karanta mini layi ɗaya sau biyu bai sani ba, na wanke hannuna na tafi bayan masallaci inda wata malama 'yar Garwa, Madam Aisatu, take koyar da manyan mata bayan azahar. Na ce ta rubuta ni. Ke Hadiza, kin tuna abin da kika ce da kika gan ni da allon yara a cikin jaka?

"Maman, à ton âge? Da shekarunki? Mutane za su yi mana dariya."

Na ce su yi, haƙoransu ne. Abin da ban gaya miki ba shi ne abin da na bayar. Lekol, wato makaranta, bayan azahar, Malam bayan la'asar, ba sauran lokacin suyar yamma. Wurin nan na mararraba, inda uwata ta soya makala tun kafin a sa kwalta, inda na gaje ta da kaskonta, na bar shi. Kafin wata ya zagayo wata ta kafa murhunta a kan tokata. Har yau in na bi ta wurin sai in sami abin dubawa a ɗaya gefen titi.

Idon ya rufe gaba ɗaya a farkon damina. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa limamai wuyan riga ya koma ba ya gane gaban tasa rigar da bayanta. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwanciya ya yi ya juya fuska bango, salla kawai ke tayar da shi. In na kawo tuwo sai ya ce na gode, ajiye. In dawo in tarar miya ta yi fata. Likita ya gaya mana a fili cewa maganin nan ba a shan sa da yunwa, in ya ci gaba haka wata rana zai faɗi ba zai tashi ba. Na yi lallashi, na yi masifa, na kira abokansa na kasuwa, suka zo suka yi masa wa'azin haƙuri ya ce musu amin. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Ni kuwa abin da na shiga lekol dominsa bai nuna ba tukuna. Na sauko da akwatin, na buɗe littafi, na fara bin baƙaƙe da yatsa. Ku da kuka yi karatu kuna yara ba za ku san wannan azabar ba. Kalma ɗaya sai na hau ta na sauko, in na kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Yarinyar labarin tana tsaye a bakin rijiya tun Litinin, har Alhamis ban ba ta guga ba. Malam yana kwance, bayansa kawai nake gani.

Ranar da abin ya faru ruwa ya kwana yana zuba ya wuni, ya shigo mana ɗaki kamar yadda ya saba. Gado yana kan bulo, ni ina kan turmi na naɗe ƙafafu, littafi a cinya, kwanon tuwo a kan kujera. Na maƙale a kan wata doguwar kalma, na ji hawaye na zuwa, kuma ni ba na kuka a gaban kowa. Sai na ɗaga kai. Ta ƙofa na hango wata mai kifi ta layinmu tana ratsa ruwa har gwiwa, baho a ka, takalma a hannu, tana yi wa sama faɗa kamar yaron da ya yi mata ɓarna. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Idona a kan takarda, na ce, a birnin Kano an yi wata mata mai sayar da kifi, sunanta Dije, wadda ba ta tsoron kowa sai Allah, shi ma takan yi masa ƙorafi. Na ce mijinta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, wata safiya ya shiga jirgi da buhu a kafaɗa, jirgin ya tashi da shi. Maganar ta riƙa zuwa kamar an kwance bakin buhu. Ina yi ina juya shafi don ƙarar takarda. Can na ji gado ya yi ƙara. Malam ya juyo, ya kawo kunnensa wajena.

Na tsayar da labarin a nan.

"Sai me ya faru?" ya ce.

"Sai ka ci tuwo."

"Azumi, ni yaro ne?"

"Yaro ya fi ka hankali, shi yana ci. Loma ɗaya, shafi ɗaya. In ba haka ba in rufe."

Ya lalubo kwanon. Bai ci da yawa ba, amma ya ci.

Daga ranar rayuwata ta sake tsari. Da safe ina suya a ƙofar gida, kuma nan ne na gane shekara da shekaru ina zaune a kan dukiya ban sani ba. Wanda ke jiran makala ta soyu ba ya iya riƙe bakinsa. 'Yan bensikin masu babur suna ba da labarin fasinjan da ya gudu, mata suna ba da na surukai, wani tsoho Bafulatani kullum sai ya gaya mini yadda shanunsa suka ƙare ya zama mai gadi. Da can ina ji ne in wuce. Yanzu kuwa ina juya makala ina tsince magana, yadda wance ke cewa "ni dai ban ce komai ba" bayan ta gama faɗin komai, yadda wane ke tari kafin ya yi ƙarya. In la'asar ta yi in kwashe su duka in kai su Kano, in zuba wa Dije a hanya. Kuma ina da ma'auni. In labari ya yi daɗi, Malam yakan manta ya bar loma a hannu, bakinsa a buɗe, sannan ya haɗiye da sauri don in ci gaba. In na yi surutu marar amfani sai ya nemi ruwa, ya fara sakace. Har yau da wannan nake auna rubutuna. In na ji a raina an nemi ruwa, sai in soke shafin.

Ana cikin haka Nura ya zo gaisuwa. Ɗan wani abokin Malam ne na ƙuruciya, magidanci, bai daɗe da zuwa daga Kano da shaddarsa ba, ko bonjour, gaisuwar Faransanci, bai iya ba tukuna. Na dama masa kunu, ya zauna, Malam ya ce in ci gaba, baƙo ba ya hana karatu. Ranar Dije ta je bakin teku da asuba tana jiran masunta, ta sayi miyondo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, tana ci tana tambayar ma'aikatan jirgi ko sun ga mijinta. Na ce daga nan ta hau gada, tana hango manyan jirage a ƙasa, ga ganuwar Kano a bayanta. Sai na ji kunu ya sarƙe Nura. Ya yi tari, ya yi dariya har da buga cinya.

"Baba, wane littafi ne wannan? Teku a Kano? Inna, wallahi ko kududdufi sai damina. Jirgin ruwa kuma ta ina zai shigo, ta Ƙofar Mata? Kawo in ga wanda ya rubuta."

Ya miƙo hannu. Na danne littafin a ƙirjina. Ni fa da gaske na ɗauka akwai. Garin da aka ce ya fi Duwala girma da arziki, yaya za a yi a ce ba shi da tashar jirgi? Ta ina kaya ke shigo musu? Na juya wajen Malam ina jiran ya yi mamaki, ko ya yi fushi an yaudare shi. Ko gezau. Ya gyara zama ya ce:

"Nura, a Kanon gidan nan akwai teku. Sha kununka."

A nan na gane ya sani. Tun ranar farko ya sani. Mutumin da aka haifa a cikin birni, wanda ya karanta littafin nan har ya haddace, na zauna ina juya masa shafi kamar mai wasa da jariri, shi kuma yana biye mini. Kunya ta kama ni, kuma ni kunyata ba ta daɗewa sai ta koma fushi. Da baƙo ya tafi na mayar da littafin akwati, na rufe da ƙarfi don ya ji. La'asar ta yi ta wuce ban zauna ba. Washegari ma haka. Ina kawo tuwo in ajiye in fita, shi ma ya koma bangonsa, miya ta koma yin fata. Muka zama mutum biyu masu taurin kai a ɗaki ɗaya, kowa na jiran ɗaya. Wata safiya ya tashi zai yi alwala jiri ya kwashe shi, na tare shi da kafaɗa, na ji ba nauyi, kamar na ɗauki kwando. Kai Babba, ɗan farina, ranar ka zo ka tsaya a tsakar gida ka ce ya isa, ranar Lahadi za ka zo da mota ka kai shi gidanka a unguwar PK 14, can babu ambaliya, matarka za ta kula da shi tunda ni lekol ta ɗauke mini hankali. Na ɗauki tsintsiya na kama shara. A raina kuwa ban yarda ba, don na san in ya bar layin nan, inda yake gane kowa da takunsa, ba zai ga ƙarshen damina ba.

Da ka tafi ina shara, sai na ji muryarsa daga bango.

"Kin bar baiwar Allah a kan gada."

"Babu wata baiwar Allah. Babu gada. Ka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaciya, kana dariya a ciki."

"Ban yi dariya ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa ki daina. Ga shi an faɗa kin daina." Sannan ya juyo. "Azumi, littattafan akwatin nan na san ƙarshen kowanne. Mutumin da ya san ƙarshen komai, me zai tashi ya yi da gobe? Taki ce kaɗai ban san inda za ta ba. Ke ma na lura ba ki sani ba."

Na ce ba zan ƙara riƙe littafin wani in yi masa ƙarya ba.

"To riƙe naki. Da ma kina bukata, don kin fara rikicewa. Ran nan kin ce uwar Dije ta rasu, bayan kwana kaɗan ga ta tana daka. Na yi shiru ne don na ji daɗin dawowarta." Na ji dariya na neman kuɓuce mini, na danne. Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ki dawo da matar nan gida. Tana shan wahala a garin da ba ta sani ba. Yadda take faɗa, yadda take cin miyondo a tsaye, 'yar New Bell ce. Na san ta, tana wucewa ta ƙofar nan."

"Wa zai saurari labarin New Bell? Me ke faruwa a nan?"

"Ni na bar Kano na zo nan, kuma duk abin da ya same ni a duniya a nan ya same ni. Har da ke."

Na fita na bar masa ɗakin, don kada ya ji yadda numfashina ya canza.

Washegari bayan suya na ɗauko kayen lekol, littafin rubutun da Madam Aisatu ta ba mu don kwafar darasi, na juya shi ta baya. Na zauna a kan turmi. Rubutun da na yi ranar, in kun gani, za ku ce kaza ce ta bi ta kan laka. Alƙalami ya huda takarda, yatsuna suka ƙage, abin da bakina ke faɗa cikin numfashi ɗaya ya ci mini wuni. Amma na rubuta, a unguwar New Bell, a layin da ruwa ke fara shiga, an yi wata mata mai kifi. Da na ga sunan unguwarmu a kan takarda da hannuna, sai na ji kamar an kira ni a cikin taro. Bayan la'asar na kawo tuwo da miyar kuɓewa na ajiye, ban yi ciniki ba, ban ce loma ba ban ce shafi ba. Na karanta. A hankali na karanta, ina tuntuɓe, amma wannan karon in na maƙale na san abin da ke gaba, don ni na sa shi. Ban ɗaga kai ba sai da na kai inda rubutuna ya tsaya. Kwanon ya koma fari, yana bin gefensa da yatsa. Ina jiran ya ce wani abu a kan Dije. Sai ya ɓata fuska ya ce:

"Miyar nan ba gishiri."

Tun da idonsa ya rufe bai taɓa kushe girkina ba, sai na gode, ajiye. Mutumin da ya fara ƙorafin gishiri ya yanke shawarar zama a duniya. Na ce likita ne ya hana, in bai so ya tashi ya dafa da kansa. Ya ce da yana gani da ya fi ni. Muna cikin wannan har aka kira magariba. Ranar Lahadi, Babba, ka zo da motarka ka tarar da shi a bakin ƙofa yana gardama da ni a kan ko mijin Dije ya cancanci a yafe masa, ka tsaya ka kalle mu, ka sha ruwa, ka koma kai kaɗai. Ba ka tambayi abin da ya faru ba, ni ma ban gaya maka ba sai yau.

Ya ƙara damina da yawa bayan wannan, har ya riƙe littafin da aka buga, ya shinshina shi, ya ce a sa a akwatin ƙarfe kafin danshi ya gan shi. Ko harafi ɗaya bai rubuta a ciki ba, ko jimla ɗaya bai ba ni ba. Sau da yawa ma abin da ya so ban yi ba, ya so a yafe wa mijin, na ƙi. Saboda haka in wani ya ƙara ce muku babanku ne ya yi mini littafi, ku ce a'a, uwarmu ce ta rubuta, da hannunta mai ƙunar mai. In kuma ya ce to shi me ya yi, ku gaya masa ya zauna yana jin an kai teku garinsu bai ce uffan ba, kuma ya cinye tuwonsa.